Kambun Aljanin Tsamiya

Garinmu yana da aljani, kamar yadda kowane gari mai mutunci yake da nasa. Na mutanen Guci a rijiya yake zaune, in ji su, ba ya komai sai tsinke igiyar guga. Na wani ƙauye kusa da Dungas kuwa ɓatar da jakuna yake yi. Namu ya fi su zaɓe. Mata kaɗai yake taɓawa, kuma ba ya fita aiki sai rana ta take tsaka, lokacin da maza ke kwance a inuwa. Gidansa wata tsohuwar tsamiya ce a bakin kwari, kan hanyar da mata ke bi su je yankan kaba.

Ni ne mai shelar garin a zamanin. Gado na yi, ba ilimi ne ya ba ni ba, ko da yake na taɓa lekol. Na zauna a aji har na iya rubuta sunana da na ubana, sannan mushe, wato malaminmu, ya lura kaina ya cika, ya sallame ni tun bai fashe ba. Abin da na fito da shi dai, mushe ya ce mana babu aljani a duniya, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke kawo ciwo. Na karɓa hannu biyu. Na haɗa ƙwarin da aljanun, na riƙa jin tsoronsu duka.

Aikina ba wuya: 'yar ganga a hammata, da murya. Abin da mai gari ya ce a faɗa shi nake faɗa. Wanda akuyarsa ta ɓata in yi masa cigiya, wanda ya tsinci abin wani in ɗaga shi a kasuwa in nemi mai shi. Duk rani kuma sai an tura ni in zaga gari in ce kada mace ta bi ta tsamiya da tsakar rana. Mata su ji ni su ci gaba da abin da suke yi. Da safe daka da ɗiban ruwa, da yamma girki. Yaushe ake so su yanki kabar?

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Mace ta tafi ita kaɗai, ko ta yi baya a cikin 'yan'uwanta. Can wajen azahar a hango ta tafe, ba kaba ba lauje, zani a yage, ba ta magana. Kafin maza su miƙe daga inuwa, tsofaffin mata sun tare ta, sun lulluɓe ta, sun shige da ita ɗaki. Sai hayaƙin turare, sai ruwan zafi da saiwoyi, sai rubutun sha. Bayan kwanaki ta fito, a ce mutanen ɓoye ne suka taɓa ta, Allah ya kiyaye gaba. Miji ya yi godiya, ya yanka zakara. Ba a sakin macen da aljani ya taɓa, don ƙaddara ce kamar saran maciji. Mu maza mu ce sannu, mu koma kan dararmu.

Shekarar da nake magana ita ce ta ƙarshen babban fari, wadda soja suka karɓi mulki a cikinta. Gyaɗa ta ƙi, rumbuna wayam, maza majiya ƙarfi duk sun tsallaka iyaka cin rani. Tabarma ce ke ciyar da gidaje. Mata su yanko kaba, su saƙa, fataken Magariya su zo ranar kasuwa su saya. Hanyar kwari ba ta taɓa shan ƙafa kamar a ranin nan ba, aljani ma aiki ya yi masa yawa.

Ina da taubashiya a garin, ɗiyar kawuna. Tunda ita ɗiyar namiji ce ni ɗan mace, tun muna yara take kirana bawanta, ni kuma in ce mata uwar ɗakina mai ƙafar zabuwa. Ba abin da ba ma faɗa wa juna, kuma gidan aurenta ba a hana ni shiga. Mijinta yana Kano yana sayar da ruwa. Tana da ɗiya ɗaya, 'yar fari, ba a daɗe da yaye ta ba. Kun san kunyar ɗan fari a wancan lokaci: ba ta faɗin sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan" tana kallon wani gefe. Surukarta kuwa, uwar mijin, ita ce ungozomar gari, ita ce kuma babba a cikin tsofaffin da ke lulluɓe waɗanda aljani ya taɓa.

Ranar da abin ya faɗa kanta ina ƙofar gida ina ɗaure fatar ganga. Na hango ta tafe daga wajen kwari, ɗankwali babu, leɓe a fashe. Abin da na lura da shi, hannunta na dama a dunƙule yake, ta manna shi a ciki. Tsofaffi suka rufe ta kamar yadda suka saba. Daga baya na ji sun yi sun yi su buɗe hannun ta ƙi, suka ce aljanin ne ya riƙe mata yatsu, suka ƙara turare.

Da ta ɗan samu kanta sai ta aika a kira ni. Na iske ta zaune a ƙuryar ɗaki, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja.

"Bawana, sai yau? Jira kake in mutu ka zo cin gumba?"

"Ranki ya daɗe, tsoro nake kada baƙon naki ya ga kyawuna ya komo kaina."

Da a wata rana ce da ta jefe ni da ludayi. Ranar kallona kawai ta yi, har na ji kunyar bakina. Sannan ta ɗaga gefen tabarma ta ciro wani abu ta ajiye a gabana. Kambu ne, irin layar da maza ke ɗaurawa a damtse. Jan fata, da wuri a ɗinke a tsakiya, gefe ɗaya an taɓa gyara shi da baƙin zare. Igiyarsa a tsinke.

"Kai da ka yi lekol, gaya mini. Aljani yana ɗaura laya?"

"Sai dai in tsoron 'yan'uwansa yake ji," na ce.

Bakina ne kawai ya faɗa don ya saba. Na san kambun. Ba wanda bai san shi ba a garin. Amalanken shanu ɗaya ke gare mu, kuma mai shi in zai loda kaya sai ya tuɓe riga ya rataye, jan kambun nan yana rawa a damtsensa. Mutum ne mai fara'a. Yana ɗaukar wa tsofaffi kaya kyauta, yana ɗora yara a bayan amalanke. Na ci tuwo da shi a akushi ɗaya ban san iyaka ba. A masallaci sahun gaba yake tsayawa.

"Tsintuwa na yi," ta ce. "A gindin tsamiya na tsince shi. Ranar kasuwa ka ɗaga mini shi, mai abu ya zo ya karɓi abinsa."

Ban kai ga amsawa ba aka ɗaga asabari. Surukarta ce, da kaskon turare a hannu. Ta ga kambun, ta gan ni, ta ajiye kaskon a hankali.

"Ashe abin da ke hannun kenan," ta ce. "Tashi ki jefa shi a salga."

"Inna," na ce, "kin ga fa abin nan na mutum ne."

"Rufe mini baki, ɗan nan. Kana tsammani mu da muke wanke su ba mu san abin da muke wankewa ba? Ni na karɓi haihuwar rabin garin nan, kai ma a hannuna ka faɗo. Ban taɓa ganin aljani ba. Tun zamanin kakata aka zaunar da shi a tsamiyar nan, don kada ku maza ku riƙa watsar da ɗiyan mutane a kan hanya."

Ta juya wajen matar ɗanta, muryarta ta yi ƙasa.

"Ki saurare ni, ɗiyata. In aljani ne, ɗana ya dawo ya iske matarsa a ɗakinta, ɗiyarta a gefenta, ya yanka zakara, shi kenan. In mutum ne, ko shi ya haƙura yayyensa ba za su haƙura ba. Za ki fita gidan nan. Yarinya kuwa an riga an yaye ta, ta gidan nan ce, ba inda za ki da ita. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

"To?"

"Jiya da maza suka zo gaisuwa, har da mai kambun. Daga bayan danga na ji muryarsa. Ya ce, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ke kuma kika ce amin, kika miƙa masa ruwa."

Tsohuwar ta sunkuya tana gyara garwashin kaskon.

"Yarinyar nan in ta girma kaba za ta yanka," in ji taubashiyata, tana kallon bango. "Wace hanya ke akwai ban da waccan?"

Na fita da kambun a aljihu, ina jin sa kamar na saka dutsen niƙa. Ni ba jarumi ba ne, kowa ya shaida, ko karen maƙwabta in ya yi haushi hanya nake sakewa. Saboda haka na nemi bangon da zan jingina. Bayan la'asar na samu liman a ƙofar masallaci cikin jama'a, na durƙusa, na yi fuskar ɗalibi.

"Allah gafarta malam, mutum ne ya tsinci abin wani a daji. Me shari'a ta ce?"

"Ya nemi mai shi a taron jama'a, har shekara ta zagayo."

"Ko ƙaramin abu ne?"

"In dai mai shi zai damu da rashinsa."

"To in mai gari ya ce a bari fa?"

"Mai gari ba ya hana abin da Allah ya wajabta. Yau kuma karatu ka shiga, sarkin surutu?"

Aka yi dariya, na yi godiya na tashi. Allah ya jiƙan malam, bai tambaye ni abin da aka tsinta ba.

Da safiyar kasuwa na sake biyawa ta wajen taubashiyata. Na ce mata har yanzu salga tana nan, ba ta cika ba. Ta ce in ni tsoro nake ji in ba ta gangar. Ta ce bawa dai bawa ne.

Na bari sai da kasuwa ta cika. Na ɗaure kambun a kan dogon kara, na hau tudun da nake hawa, tsakanin rumfar mahauta da layin masu tabarma, na buga ganga.

"Jama'a, a saurara! Ana gaishe ku! An yi tsintuwa a gindin tsamiyar kwari. Kambu ne na jan fata, ga shi kuna gani. Matar da aljani ya taɓa kwanan nan ita ta tsinko shi daga damtsen aljanin. In yana cikin kasuwar nan, ya zo ya karɓi abinsa!"

Aka fashe da dariya. An saba da ni, an ɗauka wani sabon shaƙiyanci ne. Wani mahauci ya ɗaga wuƙa ya ce in tambayi aljanin ko yana son tsire. Mai amalanke yana tsaye a kan amalankensa da buhu a kafaɗa, sanye da riga mai dogon hannu a cikin zafin nan. Shi ma ya yi dariya. Tasa ce ta fi daɗewa.

Daga layin masu tabarma shirun ya fara. Wata mata ta miƙe, wadda aljani ya taɓa tun kafin fari, matar wani manomi mai haƙuri. Ta ratso mutane ta zo ta tsaya a ƙarƙashin karan, ta ɗaga kai tana kallon kambun. Ba ta taɓa shi ba. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kanta. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan awaki. Mutane su dubi matar, su dubi karan, sannan a hankali, ba wanda ya ce da wani komai, idanu suka riƙa komawa wajen amalanke. Na yi shela shekaru masu yawa bayan wannan, amma har yau in na shiga taro aka yi shiru farat ɗaya, sai in ji tafin hannuna ya jiƙe kamar ina riƙe da karan.

Kafin a watse aka kira ni zauren mai gari.

"Wa ya aike ka?"

"Shari'a, ranka ya daɗe. Ga liman nan a tambaye shi."

Liman ya yi mini kallon da ban manta ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce haka ya faɗa, kuma ba zai janye ba. Mai gari ya ce to, a yi shelar, amma duk ranar da na kama sunan wani zai fasa gangata a kaina. Ban taɓa kama suna ba. Kasuwa bayan kasuwa nake hawa tudu in ɗaga karan in nemi mai shi. Ba wanda ya sake yin dariya, ba kuma wanda ya zo karɓa.

Labari ya kai Magariya. Jandarma suka zo a mota, suka zauna a zaure, suka tambaya wa ke da ƙara. Yayyen mijin taubashiyata suka ce gidansu ba mai ƙara. Ita ba a ma kira ta ba. Jandarman suka sha fura suka koma.

Da zan iya, da na ce daga nan gari ya waye, kowa ya gane, aka yi mata godiya. Abin da ya faru, mazan da suka taɓa yanka zakara suka fara yi wa matansu wani irin kallo. Manomin nan mai haƙuri ya ajiye haƙurinsa, ya kai matarsa gidan ubanta, bayan shekarun da suka yi lafiya. Mata suka ɗora laifin a kan taubashiyata. A bakin rijiya, in ta cika tulu, ba mai kama mata ta ɗora a ka. Ta tsaya tana jira, kowace ta sami abin dubawa a cikin gugarta. Da idona na gan ta tana durƙusawa tana ɗora tulun a gwiwa, daga gwiwa zuwa kafaɗa, rabin ruwan a jikinta.

Amma matan nan da ba sa gaishe ta, su ne suka daina zuwa kwari ɗaiɗai. Suka riƙa fita a ayari, kowace da laujenta a hannu, in ɗaya ta tsaya cire ƙaya duk su tsaya. A majalisar dattawa kuma wata rana ana ta kewaye-kewaye, ana cewa "abin nan" da "wancan al'amari", sai wani tsoho mai ɗiya mata da yawa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Fyaɗe sunansa. Ku faɗa, bakinku ba zai ƙone ba." Ranar na fara jin kalmar a bakin dattijo a garinmu. Shi ne kuma daga baya, da aka taɓa jikarsa a wata gona, ya ƙi turare, ya ɗaure yaron da ya aikata abin da igiyar shanu ya kai shi Magariya da ƙafa.

Mai amalanke kuwa ba abin da ya same shi. An ci gaba da ba shi kaya, don ba wani amalanken. Maza suna ba shi hannu, sai dai su yi saurin janyewa. Gab da damina ya sayar da shanun, ya ce kasuwa ta fi kyau a ƙetare, ya tsallaka iyaka. Na ji an ce ya yi aure a can, ya sayi wasu shanun. Can ma akwai kwari, akwai mata masu yankan kaba, kuma ba su taɓa jin shelata ba. Wannan tunanin ya fi kowanne hana ni cin tuwo.

Da ruwan farko masu cin rani suka fara dawowa. Mijin taubashiyata tun a tasha aka ba shi labari. Bai wuce gida ba, wajena ya fara zuwa, da ƙunshin tsarabarsa a hannu, har da 'yan takalman roba na yarinya.

"Abin da ka faɗa a kasuwa, faɗa mini yadda ka faɗe shi."

Na faɗa masa, ba ganga, ba ɗaga murya. Ban taɓa jin kalmomin sun yi mini nauyi a baki irin na ranar ba. Ya ce in nuna masa kambun. Ya jujjuya shi, ya ja ragowar igiyar da hannu biyu, ta ƙi tsinkewa.

"Da hannu ta tsinke wannan?"

"Da hannu."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ba mugu ba ne, na san shi tun muna kiwon awaki. Da ya ɗago, idanunsa sun cika.

"Da kun bar mini aljanin," ya ce. "Da na yanka zakarata na zauna da matata."

Ya yi iya ƙoƙarinsa, in faɗi gaskiya. Ya riƙe ta har aka gama noman farko. Amma gandu ɗaya suke nomawa da yayyensa, rumbu ɗaya suke ci, kuma suka daina cin abincin da ta dafa. In ranar girkinta ce, akushi ya koma yadda ya zo. A gona ba mai yi masa magana sai a kan aiki. Wata Juma'a bayan masallaci suka zaunar da shi a zaure, da ya fito ya shiga ɗakinta ya faɗi abin da aka sa shi ya faɗa.

Kawu ya aiko da jaki daga ƙauyen da ya koma, can wajen Guci. Ni aka ce in raka ta, tunda ni na fi kowa rashin abin yi. Da hantsi muka ɗaure kayan: tukwane, tabarmi, ƙwarya, ragowar kabar da ba ta gama saƙawa ba. Yarinyar tana tsaye a ƙofar ɗakin kakarta, sanye da takalman Kano, tana cin ɗanwake da hannu biyu. Mutanen gida duk suna tsakar gida suna kallo. 'Yar fari ce, ba a ɗaukarta a gaban surukai, ba a yi mata kuka. Uwar ta durƙusa ta yi wa surukarta sallama, ta nemi gafarar kowa, ta wuce ta gaban yarinyar da taki ɗaya tana gyara ɗaurin zani. Ba ta juya ba. Yarinyar ma ba ta san ana wani abu ba, jakin take kallo.

Sai da muka fita gari, gero ya rufe mu, sannan ta yi magana.

"Bawana, shekara ba ta cika ba fa. Kada ka ga bayana ka ajiye karan."

"Ranki ya daɗe, ni da aikin banza ai ba a raba mu."

"Na sani. Shi ya sa na zaɓe ka."

Muka yi tafiya mai nisa. Jakin yana tsayawa cin ciyawa, ina dukansa, tana cewa in bar ɗan'uwana ya ci abinci. Can da rumbunan ƙauyen kawu suka bayyana sai ta tsaya. Ta kama igiyar jakin ta riƙe, tana murza ta a yatsa.

"In ka koma, ka biya ta gidan. Ka ce wa Inna yarinyar nan ba a yi mata wanka da ruwan sanyi. Tari yake sa ta, ya sauka a ƙirji. Ko da rana ne a ɗumama. Kuma tana tsoron zakaran gidan, shi ya sa ba ta zuwa bayan ɗaki ita kaɗai, ba ƙiwuya ba ce, kada a doke ta."

Na ce zan faɗa. Na jira ko akwai saura. Ta buɗe baki, ta rufe, ta ja jakin ta yi gaba.

Na cika mata shekarar, ban tsallake kasuwa ko ɗaya ba, har mutane suka riƙa wucewa ta ƙarƙashin karan ba sa ɗaga kai. Ita kuwa ta sake aure a can, ta haifi maza, ta rasu da furfura. Ɗiyarta ta tashi a gidan ubanta. Sukan haɗu a biki ko a makoki, su gaisa kamar 'yan'uwa na nesa.

Saƙon nata kuwa, ranar da na raka ta ɗin nan, ban bari ya kwana ba. Rana ta yi sanyi na shigo gari, ƙafata duk taɓo, na wuce gidan kai tsaye. Na iske tsohuwar a bakin murhu, yarinyar na zaune a kan cinyarta, ta fara tambayar inda innarta ta tafi. Na durƙusa na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba, don aikina kenan.

Tsohuwar ba ta dube ni ba. Ta tura itace a wuta, ta sa yatsa a cikin tukunyar da ke kai ta ji ɗumin ruwan.

"Na sani," ta ce. "In ka gan ta, ka ce mata na sani."